Gadu mai kilo 72: nawa ne naman da ya kamata ya fita bayan gyara?

MalaminGona_Zazzau:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman taimakon masana harkar fawa da farauta da kiwon dabbobi a kan wata magana da aka kawo gabana. A wani ƙauye da nake zagayawa ta gabashin Zariya, wani gadu, wato wani nau'in aladen daji, ya addabi manoma yana tone musu dankali da gyaɗa, har wani maharbi daga cikin 'yan'uwanmu Kirista na ƙauyen ya yi masa kwanton ɓauna ya harbe shi. Kafin a taɓa shi da wuƙa sun rataye shi a sikelin da ake auna buhunan hatsi, ya ba da kilo 72. Wata mata mai sana'ar naman daji ta ɗauke shi a kan za ta biya gwargwadon kilon naman da ya fita, sai ta aiko da saƙon cewa kilo 27 ta samu. Maharbin ya ce bai yarda ba, domin a lissafinsa ko an yi asara naman ba zai gaza kilo 50 ba. Da yake sun san kullum ina cikin awo da lissafi, sai suka ce in raba musu gardama. Ni ba cinsa nake yi ba, kuma ba ni da ko sisi a cinikin, amma maƙwabtan juna ne, ba na so zumuncinsu ya lalace a kan abin da lissafi zai iya warwarewa. Tambayata ita ce, a dabba mai wannan nauyi, kilo nawa na nama ya kamata a sa rai da shi bayan an gama gyara?

MahaucinTudunWada:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni wuƙata ba ta taɓa hawa kan irin wannan dabba ba, amma na gaji fawa, kuma wannan gardama iri ɗaya ce da wadda muke yi da masu kawo mana ragon suna ko na layya. Mutum zai kawo rago mai kilo 40, ya tsaya yana kallo a feɗe, a cire kai da ƙafafu da fata da kayan ciki, idan aka ɗora gangar a sikeli ta ba da kilo 18 ko 20 sai ka ga fuskarsa ta canza, alhali ba a ɗauki ko tsoka ɗaya ba. Saboda haka kafin a yanke wa kowa hukunci, a fara tambayar matar me ta ɗora a sikeli. Da ƙashi ta auna ko tsoka zalla? Da fata ko babu? Kai yana ciki? Idan tsoka zalla ta auna, kilo 27 bai yi mini kama da cuta ba. Idan kuwa da ƙashi ne, to akwai abin dubawa.

LikitanDabbobi_Samaru:
Abin da mahaucinmu ya faɗa shi ne ginshiƙin maganar, bari in ɗora masa alƙaluma gwargwadon yadda jikin gadu yake. Namijin gadu da ya girma yakan kai daga kilo 60 zuwa 150, mace kuma daga 45 zuwa 75, don haka wannan matsakaici ne. Dabba ce mai cin ciyawa da saiwoyi, kuma babban hanjinta yana riƙe abinci mai yawa, saboda haka kayan ciki tare da abin da ke cikinsu za su iya cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, wato kimanin kilo 15. Jinin da zai zuba a wajen gyara a ƙiyasta shi kilo 2. Kan gadu kuwa babba ne ƙwarai idan aka kwatanta da jikinsa, musamman namiji mai haure, zai iya kai kilo 8 ko 9. Fata da ƙafafu a ba su kilo 7. Idan aka cire duk wannan daga 72, za a tsaya a kan kilo 39, wato kashi 54 cikin 100, kuma wannan ya yi daidai da abin da aka sani cewa gangar gadu takan ɗan haura rabin nauyinsa yana raye. Daga nan idan aka zare ƙashi da jijiya da tantani, wanda yakan ɗauke fiye da rubu'in gangar, sai a sauka zuwa kilo 27 ko 28 na tsoka. Ka ga ke nan lambar da matar ta faɗa tana iya zama gaskiya, amma da sharaɗin an feɗe, an cire kai, an kuma zare ƙashi.

ƊanƘofarDoka:
Ina neman afuwar jama'a, amma ba zan iya wucewa ban faɗi abin da ke raina ba. Haramcin naman alade a bayyane yake a Suratul Baƙara aya ta 173 da Suratul Ma'ida aya ta 3, kuma malamanmu ba su bambanta na gida da na daji ba. Ina ganin bai dace Musulmi ya zauna yana lissafa wa mai sayar da shi riba ba. Malamin gona, ka duba wannan da kyau kafin ka sa bakinka.

AlmajirinGyallesu:
Ɗan'uwana na Ƙofar Doka ya faɗi gaskiya a kan haramcin, kuma hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito ya haɗa har da cinikinsa, tare da giya da mushe da gumaka. Babu Musulmin da zai saya ko ya sayar ko ya ci kuɗinsa. Sai dai abin da na fahimta daga bayanin Malam shi ne ba shi ya ƙulla cinikin ba, ba shi da kaso a ciki, masu cinikin kuma ba Musulmi ba ne, an zo wurinsa ne don kashe wutar rigima tsakanin maƙwabta. Sanin nauyin hanta da ƙashin dabba ilimi ne da ɗalibanmu na tsangayar likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello suke karantawa a kan kowace irin dabba. Shawarata ita ce Malam ya kai wa malaminsa yadda abin yake ya ji fatawa, mu kuma nan mu tsaya a kan lissafin da aka tambaya.

ƊanWusasa:
Na gode wa waɗanda suka yi magana cikin mutunci. Ni Kirista ne, Bahaushe, kuma na tashi ina ganin yadda dangin mahaifiyata na ƙauye suke gyara naman daji, don haka ina da gyara a kan lissafin Likita. Ranka ya daɗe, ka yi lissafi ne irin na mayanka, inda ake feɗe fata a ajiye kai gefe. Mutanenmu ba sa feɗe gadu. Babbaka shi ake yi a wutar kara ko ciyawa, a kankare da wuƙa, a wanke, sannan a farke ciki. Fatar tana nan jikin naman, kuma masu saye ita suke nema. Ana sassara shi gunduwa-gunduwa da ƙashinsa, ba wanda yake zama ya zare ƙashi. Kai ana sayar da shi, ƙafafu ana sayar da su, hanta da zuciya da ƙoda da huhu duk abin ci ne, har hanjin ma wasu suna wankewa. A irin wannan gyara abin da ake zubarwa bai wuce jini da gashi da dattin ciki ba. Saboda haka idan maharbin ya ce kilo 50, ba mafarki yake yi ba, yana lissafa duk abin da ya san ana kai wa tukunya ne. Idan ka cire kilo 15 na ciki da 2 na jini daga 72, kilo 55 ya rage, kuma ba a mayar da hanta da zuciya cikin lissafin ba tukuna.

LikitanDabbobi_Samaru:
Wannan bayani na ɗan'uwa daga Wusasa yana da muhimmanci, kuma alƙalumanmu ba su ci karo ba. Matakai ne daban-daban na dabba ɗaya: kilo 55 idan ciki kawai aka cire, 39 idan aka cire kai da fata da ƙafafu, 27 idan tsoka ce zalla. Rigimar ta taso ne saboda sun yi ciniki a kan kilon nama ba tare da sun faɗi a wane mataki za a auna ba.

ƊalibarShika:
Ina karatun kimiyyar dabbobi, kuma a abin da aka koya mana alade yakan ba da kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na nauyinsa, fiye da saniya da tunkiya da akuya. Na kuma ga maharban Turai suna cewa aladen dajinsu yakan riƙe kashi 75 zuwa 80 bayan an cire ciki. Idan haka ne, me ya sa Likita ya saukar da gadu zuwa 54? Ina tambaya ne don in ƙaru.

LikitanDabbobi_Samaru:
Tambaya ce mai kyau, 'yata. Aladen gida yana ba da wannan kaso ne saboda ana auna shi da fatarsa, yana da kitse mai kauri a ƙarƙashin fata, kuma akan hana shi abinci kafin yanka, don haka cikinsa ba ya da nauyi. Gadu ba shi da wannan kitse, kuma a daji aka same shi da cikinsa cike. Lambar maharban Turai kuwa ta matakin farko ce, wato an farke ciki a daji amma kai da fata da ƙafafu suna nan, kuma idan kika raba 55 da 72 za ki ga kashi 76 ne, ya faɗa cikin abin da suka ce. Sannan a lura cewa aladen dajin Turai wani jinsi ne daban da babu shi a dazuzzukan Najeriya, ana samunsa ne a Turai da Asiya da arewacin Afirka. Yana da gashi mai kauri, yana tara kitse kafin sanyi, tsohon namijinsa kuma yana da wata fata mai tauri a kafaɗa da ake zubarwa. Mu abin da muke da shi a nan arewa shi ne gadu, sai jan aladen daji na kurmi da bakin koguna, sai kuma wani babba baƙi da ake samu a wurare irin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda yakan haura kilo 200. Kowannensu da yadda jikinsa ya kasu, don haka ba a ɗauko lambar wani a ɗora wa wani kai tsaye.

JikanSarkinBaka:
Na karanta wa kakana wannan muhawara, shi tsohon maharbi ne da ya yi farauta tun daga dazukan Giwa har zuwa Birnin Gwari a zamanin da ake shiga lafiya a fito lafiya, ga abin da ya ce in rubuta. Ya ce su ba sa cin gadu, idan ya faɗo a farauta sukan bar wa abokan farautarsu masu ci, amma ya ga an gyara shi sau da yawa. Ya ce abu na farko a tambayi lokacin da aka harbe shi. Gadu da rana yake kiwo, yana durƙusawa a kan gwiwoyinsa na gaba yana tona, da dare kuma ya shige rami da baya, galibi tsohon ramin dabgi. Wanda aka samu da sassafe yana fitowa daga rami cikinsa ba nauyi, wanda aka samu da yamma kuwa ya cika tumbi, kuma bambancin zai iya kai kilo da dama a dabba ɗaya. Na biyu a duba lokacin shekara, domin na kaka da ya ƙoshi da gyaɗa da dankali cinyarsa a cike take, na tsakiyar rani kuwa kai da ƙashi ne suka fi yawa. Na uku, wanda ya ce shi ne ya fi cin nama, shi ne inda harbin ya shiga. Bindigar toka idan ta samu karfata a kusa, ƙashin yakan farfashe ya shige cikin tsoka, jini ya kwanta baƙi ƙirin a kewaye, dole a yanke wurin a zubar. Idan kuma ta fasa hanji, duk naman da dattin ya taɓa yakan yi wari kafin a iso gida. Ya ƙara da cewa idan da karnuka aka kama, a duba cinyoyin baya, nan suke fara kamawa. A ƙarshe ya ce shi abin da ya ba shi mamaki ma shi ne har yanzu ana samun gadu kusa da gonaki, domin a gefenmu an daɗe ba a ga ko sawunsa ba.

UwarGida_SabonGari:
Ina so in yi magana a madadin matar, tunda ba ta nan. Ni kifi da naman akuya nake kyafewa ina sayarwa, kuma na san yadda nama yake gudu a hannun mai sana'a. Daga ƙauye zuwa gari a bayan babur cikin zafin rana, ruwa da jini suna ta tsiyaya a buhu. Ka zo ka wanke, ka yanke inda ya ɓaci, ka yanke inda ƙuda ya sauka. Idan babu firij ko babu wuta, dole a daren nan ka ɗora shi a kan waya ka hura masa wuta, in ba haka ba gobe sai dai a zubar. Mai harbi yana tuna dabbar da ya sha wahalar ɗauka a kafaɗa, mai sana'a kuma tana ganin abin da ya rage a faranti. Kada a yi saurin cewa ta ci amana. A tambaye ta ɗanye ta auna ko bayan ya sha wuta.

MalaminGona_Zazzau:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da ɓangarorin biyu ta waya, ga abin da na samo. Da yamma aka harbe shi, gab da faɗuwar rana, kuma namiji ne. A ƙauyen aka babbake shi aka farke ciki, maharbin da abokansa suka riƙe hanta da zuciya, hanji aka ba karnuka. Kan ma maharbin ne ya riƙe saboda hauren. Abin da matar ta ɗauka shi ne gangar da fatarta da ƙafafu da ƙashi, kuma ba a sake aunawa ba kafin ta tafi. Ta ce karfatar dama ta lalace da harbi, ta yanke wani ɓangare ta zubar. Sannan kamar yadda Uwar Gida ta yi hasashe, ta sassara shi ta ɗora a wuta a daren, sai washegari da hantsi ta auna a ƙaramin sikelinta ta samu kilo 27. Game da nasihar ɗan'uwana na Ƙofar Doka, na karɓa, kuma zan je wurin malamina kafin in koma ƙauyen.

MalaminLissafi_Kongo:
To yanzu lissafi ya samu ƙafar tsayawa. A ɗauki 72, a cire 15 na ciki, a cire 2 na jini, a cire 9 na kai, ya rage 46. A cire kilo 3 na karfatar da ta lalace, ya rage 43. Wannan shi ne ɗanyen naman da ya hau wuta, da fata da ƙashi. Daga 43 zuwa 27 an rasa kilo 16, wato kashi 37 cikin 100. Tambayar da ta rage ita ce ko wutar dare ɗaya za ta iya shanye wannan adadi. Ɗanyen nama kusan kashi 70 zuwa 75 cikin 100 nasa ruwa ne, shi ya sa kilishi da busasshiyar banda suke komawa ƙasa da rabin nauyinsu na farko, don haka a ƙa'ida abin mai yiwuwa ne. Amma abu ɗaya ya fito fili: maharbin ba zai nemi kuɗin kilo 50 ba alhali kai da hanta da zuciya suna gidansa, ita kuma ba za ta biya kilo 27 a farashin ɗanyen nama ba, domin kyafaffe ta auna.

ƊanWusasa:
Ban gamsu da cewa dare ɗaya zai cinye kilo 16 ba. Naman da ke da fata a gefe ɗaya da ƙashi a ciki ba ya sakin ruwa da sauri kamar tsokar da aka yanyanka fale-fale, kuma ƙashi kansa ba ya raguwa sosai a wuta. A ganin da na yi, manyan gunduwoyi sai sun kwana biyu ko uku ana juya su kafin su yi sauƙin da ake magana. Idan dare ɗaya ne, zan sa ran a rasa kashi ɗaya cikin biyar ko rubu'i, wato a samu kilo 32 zuwa 34. Ban ce ta ɓoye komai ba, amma akwai kilo 5 ko fiye da ba mu san inda suka shiga ba.

UwarGida_SabonGari:
Ɗan'uwa, ya danganta da girman yanka da irin wutar. Mai tsoron kada nama ya lalace mata ba wutar hayaƙi mai sanyi take yi ba, garwashi take zubawa sosai, naman ya kusa gasuwa, kitse da ruwa suna ɗiga har asuba. Kuma Malam ya ce sai da hantsi ta auna, ka ga ya haura sa'o'i 12 a kan wuta. Ni na sha ɗora cinyar akuya in sauke ta da safe ta rage kashi ɗaya cikin uku.

LikitanDabbobi_Samaru:
Tunda an zo kan batun wuta, akwai abin da ya wajaba in faɗa saboda lafiyar masu ci, kuma ina roƙon ɗan'uwa na Wusasa ya isar ga mutanensa. Naman aladen daji da na gadu yana iya ɗauke da tsutsar tirikinela, wadda take zama cikin tsoka kuma ido ba ya ganinta. Kyafewa da shanyawa da zuba gishiri ba su da tabbas wajen kashe ta, sai an dafa har tsakiyar naman ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, wato babu sauran ja a ciki. Saboda ita ne a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta a gwada naman aladen daji kafin a kai shi kasuwa. Idan kuma aka yanka tsoka aka ga wasu fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a ciki, wannan 'ya'yan tsutsar ciki ne, kada a sayar. Wurin da harsashin dalma ya ratsa a yanke shi da faɗi, domin dalma guba ce, musamman ga yara da masu juna biyu, don haka matar ta yi daidai da ta zubar da wannan ɓangare. Abu na ƙarshe ya shafi masu kiwon aladu. Gadu yana iya ɗaukar ƙwayar zazzaɓin aladu na Afirka ba tare da ya nuna wata alama ba. Cutar ba ta kama mutum, amma tana share garke, kamar yadda aka gani a shekarar 2020 a babbar gonar aladu ta Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. Kada a zuba wa aladun gida ragowar gyaran ko ruwan wankinsa.

MaiGadinDaji:
Ni ma ina da ƙari kaɗan. Wannan a gona aka same shi yana ɓarna, amma kada wani ya karanta wannan lissafi ya ga riba ya nufi gandun daji. Farauta haramun ce a doka a wurare irin Kamuku da ke Birnin Gwari da Falgore da Yankari. Wanda ya je Yankari ya ga yadda gadu suke yawo a tsakanin ɗakunan baƙi na Wikki ba sa tsoron mutum zai gane cewa kariya ce ta bar su. Maganar kakan JikanSarkinBaka cewa an daina ganin sawunsu ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk wannan muhawara.

ƊalibarShika:
Na gode da bayanin Likita. Ga wata dabara da aka koya mana don wurin da babu sikeli, ko za ta yi amfani a gaba. Ana auna kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, a kuma auna tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya, duka a mita. Sai a ninka kewayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a sake ninkawa da 69.3, abin da ya fito shi ne nauyi a kilo. Misali ƙirji 0.95 da tsawo 1.10 zai ba da kusan kilo 69. Don aladen gida aka tsara ta, saboda haka a kan gadu ƙiyasi ne kawai, tunda ƙirarsu ba ɗaya ba ce.

MahaucinTudunWada:
Ni dai abin da zan ce wa Malam ya gaya musu shi ne, irin wannan ciniki ba a yin sa a fawa. Ko dai ka sayi dabba a tsaye, ka duba ta, ka taɓa gadon bayanta da gindin wutsiya, ka yi tayi, riba da faɗuwa duk naka ne, ko kuma a gyara a gaban mai ita a ɗora a sikeli ido na ganin ido kafin a rabu. Ko a watanda, da za ka ga mutum goma sun haɗa kuɗi sun sayi sa, ba wanda yake tafiya sai an kasa a gabansa, tsoka da ƙashi da kayan ciki kowane kashi ya samu. Da sun rataye gangar a sikelin hatsin nan bayan an cire ciki da kai, minti biyu ya ishe su, da ba a kawo maka ƙara ba. A ganina a tsayar musu da kilo 43 a farashin ɗanye, domin shi ne abin da ya shiga hannunta mai amfani.

UwarGida_SabonGari:
Kilo 43 ɗin nan fa ba wanda ya auna shi, a takarda aka fitar da shi. Idan cikin dabbar ya fi kilo 15, tunda da yamma aka harbe shi ya ƙoshi kamar yadda tsohon maharbi ya ce, to ita za a sa ta biya kuɗin ciyawar da karnuka suka watsar. Ni da za a bi tawa, a bar kilo 27 da aka auna da gaske, a yi masa farashin kyafaffe kamar yadda ake sayarwa a kasuwarsu, a cire mata kuɗin itace da na babur.

MalaminLissafi_Kongo:
Kowace hanya aka bi daga cikin biyun, akwai abin da ba mu taɓa ba, shi ne sikeli biyu aka yi amfani da su. Sikelin rataye na hatsi da ya daɗe yana ɗaukar buhu mai kilo 100 wayarsa takan saki, ya riƙa ƙara kilo 2 ko 3, ƙaramin sikelin tebur kuma idan ana ɗora nama kashi-kashi ana tarawa, kuskuren kowane awo yana taruwa. Malam, idan za ka koma ƙauyen ka tafi da jarka mai cin lita 20, ka cika ta da ruwa daidai layinta. Ruwan kilo 20 ne, sai ɗan nauyin jarkar da za ka auna tun tana wofi. Ka rataya ta a sikelin hatsin, sannan ka gwada lita 5 a sikelin matar. Ina kuma so a tambaye ta ko da ƙafafun ta auna, domin masu wannan sana'a sukan ware su daban, kuma kilo 2 daga cikin waɗanda ɗan'uwa na Wusasa yake nema suna iya kasancewa a nan.